Yadda Malami Zai Koyar da Fasahar Daulolin Da, Daga Surame Har Zuwa Misra da Sin

Yawancin ɗaliban da suka zauna ajin tarihi a makarantun Jihar Kebbi za su iya gaya maka cewa akwai dala a Misra, wasu ma har su ambaci Fir'auna, amma idan ka tambaye su da wane irin dutse aka gina ta, daga ina aka ɗauko shi, ko kuwa wa ya ciyar da ma'aikatan da suka ja shi, sai aji ya yi tsit. Dalilin haka shi ne ana koyar da ayyukan mutanen da a matsayin sunaye da shekarun da za a haddace don jarrabawa, alhali kowane ɗaya daga cikinsu aikin hannu ne, wanda wani magini ko maƙeri ko marubuci ya zauna ya yi da kayan da ya samu a ƙasarsa, bisa umarnin wanda ya biya shi ko ya tilasta shi. Malamin da ya koya wa ɗalibansa su dubi abu su tambayi yadda aka yi shi ya ba su hanyar fahimtar duk wani aikin fasaha da za su ci karo da shi, ko na Girka ne ko na Gwandu. Abin da ke biye bayani ne a kan yadda za a tsara wannan darasi a zango ɗaya na karatu, da kayan da ba su fi ƙarfin makarantar gwamnati ba.

Abu na farko da za a tanada shi ne igiya mai tsawon mita 10, domin babbar matsalar ɗalibi ita ce yana jin duk abin da aka kira na da a wuri ɗaya yake, kamar dai Fir'auna da Kanta na Kabi sun yi zamani da juna. A ɗaure igiyar a jikin bangon aji, a ɗauki kowace mita ɗaya a matsayin shekara 500, farkonta ya zama shekara ta 3000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ƙarshenta kuma shekara ta 2000 Miladiyya. Daga nan sai a riƙa rataya ƙananan takardu a inda kowane aiki ya faɗa. Babbar dalar Giza, wadda aka gama wajen 2560 kafin Miladiyya, za ta zauna kafin a cika mita ta farko. Haikalin Fatinon na birnin Atina, da aka fara a 447 kafin Miladiyya, zai zo jim kaɗan bayan tsakiyar igiyar. Hijira, a 622, za ta faɗa bayan mita ta bakwai da kaɗan, Kanta a kan mita ta tara, jihadin Shehu Usmanu na 1804 kuwa sai a 'yar tazarar da ta rage kusa da ƙarshe. Kada malami ya cika igiyar a rana ɗaya. A bar ɗalibai su auna da kansu, su rataya takarda duk lokacin da aka gama magana a kan wani aiki, domin lissafin da suka yi da hannunsu ya fi zama a kai. Bayan igiya, ana bukatar taswirar duniya da hotuna masu kyau. Waya ɗaya mai intanet ta wadatar wajen samo hotunan, amma ya fi kyau a buga guda ashirin ko talatin a takarda, saboda a iya miƙa su daga hannu zuwa hannu.

A fara daga gida

Gani ya kori ji, don haka darasin farko na gaskiya a gidan tarihi na Kanta da ke Argungu ya kamata a yi shi, ga makarantun da tafiyar ba za ta gagare su ba. Ginin tsohuwar fadar sarakunan Kabi ne, an mayar da shi gidan tarihi a 1958, kuma a cikinsa akwai makamai da tambura da kayan kamun kifi da sauran kayan sarauta, ga kuma kaburburan sarakuna. A rubuta wa masu kula da wurin tun da wuri, a nemi izinin iyaye, a kuma ja kunnen yara a kan ladabin shiga, domin wurin maƙabarta ce ta masu sarauta kafin ya zama wurin kallo. Kada a bar ɗalibai su bi jagora a guje daga ɗaki zuwa ɗaki suna ɗaukar hoto. A ba kowane ɗalibi abu ɗaya tak, ko takobi ko tambari ko gora, ya tsaya a gabansa na minti goma, ya zana shi a littafinsa ko da bai iya zane ba, sannan ya rubuta da me aka yi shi da kuma sana'o'i nawa suka haɗu a jikinsa. Takobi ɗaya kan tara aikin maƙeri da na baduku da na majemi, kuma ɗalibin da ya gano haka da idonsa ya riga ya kama hanyar darasin.

Daga nan sai a kawo labarin Surame, birnin da Muhammadu Kanta ya kafa bayan ya ɓalle daga Askiya Muhammadu na Songhai wajen 1516, sakamakon saɓani a kan rabon ganimar yaƙin Agadas. Kufan birnin yana cikin Jihar Sakkwato ta yau, kuma abin da ya bambanta shi da yawancin biranen ƙasar Hausa shi ne an yi amfani da dutse sosai a ganuwarsa. Zuwa can da ɗalibai ya danganta da halin tsaron hanya a lokacin, kuma wannan hukunci ne na shugaban makaranta da iyaye. Idan bai yiwu ba, hotuna sun isa. Amfanin Surame a darasin shi ne yana ba ɗalibi ƙofar da zai leƙa duniya daga inda yake tsaye. Askiyan da Kanta ya yi wa tawaye shi ne mai hubbaren ƙasa na birnin Gao da aka gina a 1495, mai tsawon kimanin mita 17, kuma a shekarun da ake ɗora duwatsun Surame ne Turkawan Usmaniyya suka ci Misra, a 1517.

Tambayar da ta fi kowace amfani

Bayan an dawo aji, kada a bi dauloli ɗaya bayan ɗaya kamar yadda littattafai suka jera su. A bi kayan aiki, wato tambayar da me aka yi abu, a fara da ƙasa, tunda babu ɗalibin Kabi da bai taɓa ganin ana kwaɓa ta ba. Mutanen kudancin Iraƙi na da, tsakanin kogunan Dijla da Furatu, ba su da dutse ko katako mai yawa, sai laka da kara, saboda haka da laka suka yi kusan komai. Da tubali suka gina hasumiyoyin bautarsu, irin ta birnin Ur, inda suka cika ciki da ɗanyen tubali, suka lulluɓe waje da gasasshe, suka liƙe shi da kwalta don kare shi daga ruwa. A kan laka kuma suka fara rubutu wajen 3200 kafin Miladiyya a birnin Uruk, ta hanyar danna bakin kara a jikin ɗanyen yumɓu, kuma mafi yawan rubuce-rubucen farko lissafin sha'ir ne da dabbobi da rabon abincin ma'aikata. A nan malami zai iya kawo yumɓu aji, ya fere karan dawa, ya sa kowa ya danna alamun lissafin awakin gidansu, a shanya rabi a rana, a kai rabi wurin mai ginin tukwane ta gasa. Bayan mako ɗaya a zuba wa duka biyun ruwa. Abin da zai faru zai bayyana wa ɗalibai dalilin da ya sa dubban allunan laburaren sarki Ashurbanifal na birnin Ninawa suka kai zamaninmu: gobarar da ta ci fadar lokacin da aka rushe birnin a 612 kafin Miladiyya ta gasa da yawa daga cikinsu.

Wannan gwaji yana buɗe wata magana da nake ganin ita ce mafi nauyi a duk darasin, kuma ya kamata malami ya daɗe a kanta. Abin da muke gani a gidajen tarihi shi ne abin da ya jure wa ruwa da gara da wuta, kuma ƙaramin kaso ne na abin da mutane suka yi. Dutse da gasasshen yumɓu da tagulla suna daɗewa, amma katako da fata da saƙa da ginin ƙasa suna komawa inda suka fito idan aka daina kula da su, waƙa da kiɗa kuwa ba su barin kufai sam. Saboda haka idan ɗalibi ya tambayi dalilin da ya sa Misra ke da gine-gine masu shekara dubu huɗu da rabi alhali tsoffin fadodin ƙasar Hausa kaɗan ne suka wuce 'yan ƙarnuka, amsar tana cikin kayan gini da yanayin sama. Misra hamada ce mai duwatsu, mu kuwa da ƙasa muke gini kuma damina na dukan ginin kowace shekara. Babban masallacin Jenne a Mali, wanda ginin da ke tsaye yanzu na 1907 ne a kan harsashin wanda ya girme shi da ƙarnuka, yana nan ne kawai domin mutanen garin suna taruwa kowace shekara su yi masa yaɓe, kuma itatuwan da suka fito daga jikin bangonsa su ne matakan masu yaɓen.

Har yanzu a kan yumɓu, a ajiye hotuna biyu gefe da gefe. Ɗaya na kawunan Nok, daga kudancin Jihar Kaduna, waɗanda aka fara gano muhimmancinsu a 1943 bayan masu haƙar kuza sun yi ta tono su, kuma mafi yawansu sun haura shekara dubu biyu. Ɗaya kuma na sojojin yumɓu da manoma masu haƙar rijiya suka ci karo da su a 1974 kusa da birnin Shi'an na ƙasar Sin, a gefen kabarin sarkin da ya fara haɗe ƙasar, wanda ya mutu a 210 kafin Miladiyya. An ƙiyasta yawansu ya kai 8,000. A tambayi ɗalibai me ya sa masu aikin Nok suka huda ido da hanci da baki. Duk wadda ta taɓa gasa tukunya za ta ba su amsa, cewa yumɓu mai kauri da ba shi da mafitar iska fashewa yake a wuta, don haka aka gina kawunan da rami a ciki kamar yadda ake ginin tulu. Su kuwa na Sin, an yi ƙafafu da hannaye da gangar jiki daban-daban a wuraren aiki masu yawa, aka harhaɗa, sannan aka gyara kowace fuska da hannu. Makarantun yankin Zuru suna da abin kwatance a kusa, domin matan Lelna sun shahara da ginin siffofin yumɓu da ake ɗorawa a kan kaburbura.

Idan aka zo kan dutse, a fita filin ƙwallo da abin awo. Kowane gefe na gindin babbar dalar Giza ya kai kimanin mita 230, wato ya fi tsawon filin ƙwallo biyu, tsayinta na asali kuwa mita 146, kuma an ƙiyasta duwatsun da ke cikinta sun kai miliyan 2.3. Mafi yawansu irin dutsen nan ne da ake haƙa a Kalambaina don yin siminti. A sa ɗalibai su taka mita 230 da ƙafarsu, domin adadi a kan allo ba ya ba mutum tsoro sai ya taka shi. Sannan a kwatanta Surame da Babbar Zimbabuwe, birnin da kakannin Shona suka gina tsakanin ƙarni na 11 da na 15, inda aka jera duwatsu ba tare da wani abin liƙi ba har bango ya kai mita 11 a wasu wurare. Ya dace a gaya wa ɗalibai cewa Turawan mulkin mallaka sun daɗe suna musun cewa baƙar fata ne suka gina shi, har sai da binciken masu tono na 1905 da na 1929 ya tabbatar da haka, kuma ko bayan nan gwamnatin tsirarun fararen fata ta Rodeshiya ta ci gaba da ɓoye maganar.

Darasin rufi shi ne wanda ya fi cancanta a gayyato masani daga gari. A nemi tsohon magini wanda ya yi aikin soro, a je masa har gida da goro, a gaishe shi yadda ya kamata, a ce, “Baba, yara muke so ka nuna wa yadda ake ɗaurin guga.” Idan garin yana da Sarkin Magina, ta hannunsa za a bi. Maginin zai gaya wa ɗalibai abin da kowane magini a duniya ya yi fama da shi, wato azara ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar ta wuce kusan mita biyu, don haka mai son babban zaure dole ya dasa ginshiƙai ko ya yi bakan gizo. Girkawa sun tsaya a kan ginshiƙi da dutsen da aka gicciya a kansa, shi ya sa Fatinon ke kewaye da ginshiƙai kusa da kusa. Rumawa sun ƙware a baka da ƙubba da kankare, har suka rufe haikalin Fantiyon na birnin Rum, wajen 125 Miladiyya, da ƙubba mai faɗin mita 43 ba tare da rodi ko ɗaya ba. Dabararsu ita ce rage kaurin kankaren yayin da ake hawa sama, da cuɗa shi da duwatsun aman wuta marasa nauyi a can ƙoli, da barin buɗaɗɗiyar kafa a tsakiya. A Istanbul, ƙubbar farko ta Aya Sofiya, wadda aka gama a 537, ta rufta a 558 bayan girgizar ƙasa, sai aka sake ta aka ƙara mata tsayi. A bar maginin ya bayyana wa yara dalilin da ya sa baka mai kwanciya ya fi tura bango waje. A masallacin Ƙurɗuba na Andalus, da Abdurrahman na Ɗaya ya fara a 785, ginshiƙan da aka kwaso daga tsoffin gine-ginen Rumawa gajeru ne, saboda haka magina suka ɗora baka a kan baka don rufin ya yi sama, kuma wannan dabarar fita daga matsala ita ce ta zama adon da ake zuwa kallo. Daga nan ɗalibi zai dubi hoton cikin tsohon masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Mika'ilu na ƙarni na 19, da idon wanda ya san wahalar abin.

Ƙarfe ba ya bukatar dogon lokaci. A bayyana hanyar zubi da kakin zuma: a siffata abu da kaki, a lulluɓe shi da yumɓu, a gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, a zuba narkakkiyar tagulla a gurbinsa, sannan a fasa yumɓun, wanda ke nufin kowane zubi guda ɗaya ne babu na biyunsa. Da wannan hanya aka yi kayan Igbo-Ukwu na ƙarni na 9 zuwa na 10, da kawunan Ife da aka tono a 1938, da na Binin, da kuma siffofin daular Chola ta kudancin Indiya. Ɗalibai na iya yin matakin kaki da yumɓu, amma zuba ƙarfe aikin maƙeri ne a maƙerarsa.

Rubutu kuwa fanni ne da ɗalibanmu suka fi ƙarfi a kansa ba tare da sun sani ba. A sa wanda ya yi makarantar allo ya kawo allonsa da alƙalami da tawada, a ajiye shi kusa da bugun Alƙur'ani na ƙasashen gabas. Za su ga cewa a allon, harafin fa yana da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, saɓanin na gabas. Wannan tsari na Magrib ne da Andalus, kuma shaida ce a hannun yaro cewa karatu ya iso mu ta hanyar Sahara. Sannan a ba su labarin Ibn Muƙla, wazirin Bagadaza da ya rasu a 940, wanda ake jingina wa tsarin auna kowane harafi da ɗigon bakin alƙalami, ta yadda tsawon alif ya zama ma'aunin sauran haruffa. A haɗa wannan da zayyanar da alarammomi ke yi wa allon sauka, da adon bangon fadar Alhamra a Garnaɗa, domin duka biyun lissafi ne na da'ira da murabba'i da ake maimaitawa. Takardar kanta tana da tafiya mai nisa: a Sin aka ƙirƙiro ta, ana ambaton shekara ta 105 Miladiyya a matsayin lokacin da aka gabatar da ita a fada, ta iso Bagadaza a ƙarshen ƙarni na 8, kuma yawancin tsoffin littattafan hannu na ƙasar nan, irin na zamanin Malam Abdullahi na Gwandu, a kan takardar Italiya aka rubuta su. Idan wani gidan malamai ya yarda a ɗaga tsohuwar takarda ɗaya a hasken rana, sau da yawa za a ga tambarin jinjirin wata uku a cikinta.

Wa ya biya, wa ya yi gumi

Ɗalibin da ya saba tambayar da me aka yi abu, ba da jimawa ba zai tambayi wa ya ɗauki nauyinsa, kuma bai kamata a kauce wa amsar ba. A 2013 an gano wasu tsoffin takardu a Wadi al-Jarf, a gaɓar Bahar Maliya, waɗanda suke ɗauke da bayanan aikin yau da kullum na wani shugaban ma'aikata mai suna Merer, wanda ƙungiyarsa ke jigilar farin dutse a jirgin ruwa daga Tura zuwa Giza a zamanin sarki Kufu, mai babbar dalar. An kuma tono unguwar ma'aikatan kusa da dalar, da wuraren gasa burodi da tarin ƙasusuwan shanu da tumaki, abin da ke nuna cewa babban aikin hukuma shi ne ciyar da dubban mutane shekara da shekaru. An gina Fatinon ne bayan Atina ta kwaso baitulmalin ƙawayenta daga tsibirin Dilos zuwa gida a 454 kafin Miladiyya. Masallacin Jingarebar na Tambutu, na wajen 1327, ya biyo bayan hajjin Mansa Musa na 1324 da zinariyar Mali. Labarin baka na Kabi ma bai ɓoye cewa al'ummomin da Kanta ya ci da yaƙi ne suka yi aikin ganuwar Surame ba, har ana cewa Nufawa sun makara zuwa, sai aka hukunta su da kwaɓa ƙasar sashensu da man kaɗanya. Malami ya gabatar da wannan a matsayin labarin baka, ya kuma bar ɗalibai su yi muhawara a kan abin da yake nunawa game da ikon sarki, ko da bai faru daidai yadda ake faɗa ba.

A taswira kuma, a ja zare daga inda kaya suka fito zuwa inda aka same su. Shuɗin dutsen da ke jikin abin rufe fuskar zinariya na Tutankamun, sarkin Misra, wanda aka gano kabarinsa a 1922, daga duwatsun Badakshan na Afganistan ya zo. Shuɗin da masu tangaram na Sin suka yi ado da shi a ƙarni na 14 daga Farisa ake kawo shi, kuma an tsinci fasassun tangaram ɗin Sin a Babbar Zimbabuwe. Jar fatar akuya da majeman ƙasar Sakkwato da Kano suka jeme ta ratsa Sahara ta isa Turai, inda aka riƙa sayar da ita da sunan Maroko.

Akwai maganar da za ta taso tun makon farko, gara malami ya shirya mata. Da yawa daga cikin waɗannan ayyuka gumaka ne ko wuraren bautarsu, kuma wani ɗalibi ko mahaifinsa zai tambayi dalilin kawo hotunansu aji. A amsa cikin natsuwa cewa ana nazarinsu ne a matsayin shaidar yadda mutane suka rayu da abin da hannunsu ya iya, kuma aya ta 9 ta Suratur Rum tana kira a yi tafiya a bayan ƙasa a dubi ƙarshen waɗanda suka gabata, waɗanda suka fi ƙarfi kuma suka raya ƙasa fiye da na bayansu. Kada a tilasta wa wanda ba ya so ya zana ko ya siffata abu mai rai. A ba shi gini ko rubutu ko zanen aska takwas na babbar riga. A ajin da ke da Musulmi da Kirista, a ba majami'un Lalibela na Habasha, guda 11 da aka sassaƙa daga cikin dutse daga sama zuwa ƙasa a ƙarni na 12 da na 13, irin kulawar da aka ba masallatai.

A ƙasan kowane hoto a rubuta inda abin yake a yau, domin ɗalibai su lura da kansu cewa dutsen dokokin Hamurabi na Babila yana Paris, ƙofar Ishtar tana Berlin, kayan Binin da sojojin Ingila suka kwashe a 1897 kuma sun warwatsu a gidajen tarihin Turai da Amurka, ko da yake an fara dawo da wasu. Wannan ne wurin da za a gaya masu cewa dokar Nijeriya ta 1979, wadda ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi ta ƙasa, ta hana saye da sayar da kayan tarihi ko fitar da su waje ba da izini ba. Idan wani ya tono tsohuwar tukunya ko siffar yumɓu a gona, abin da ya dace shi ne a bar ta a inda take, a ɗauki hoto, a sanar da mai gari da gidan tarihi mafi kusa, domin zurfin da aka same ta da gawayin da ke gefenta su ne ake auna shekarunta da su.

A ƙarshen zango, maimakon tambayoyin cike gurbi, a ba kowane ɗalibi hoton wani aiki da ba a taɓa kawowa aji ba, misali haikalin Ankor Wat na Kambodiya na ƙarni na 12, ko hasumiyar Malwiya ta Samarra, ko ganuwar Machu Picchu ta Feru, a ce ya rubuta shafi biyu a kan kayan da yake ganin an yi amfani da su, da matsalar da maginin ya fuskanta, da irin ikon da zai iya tara ma'aikatan, sannan ya kwatanta shi da wani abu guda daga garinsu wanda ya je ya gani, tare da sunan sana'ar wanda ya yi masa bayani. A ba da rabin maki a kan dalilan da ya kawo ko da hasashensa bai dace ba, a ba da sauran a kan ingancin abin da ya samo daga gida, sannan ya auna shekarar aikin ya rataya takardarsa a kan igiya.